Rebel Inc. a Ma'aunin Dajin Rugu

Wasan Rebel Inc., wanda kamfanin Ndemic Creations ya fitar a 2018, yana naɗa ka gwamnan wani yanki mai kama da Afganistan. Za ka gina makarantu da hanyoyi, ka tura sojoji, kana fama da cin hanci da hauhawar farashi.

Akwai inda ya yi daidai. In ka fatattaki 'yan tawaye ba tare da ka yi musu ƙawanya ba, sai su tsallaka yankin da ke maƙwabtaka. Mutumin Batsari ko Safana ba ya buƙatar a fassara masa wannan. An sha korar 'yan bindiga, su shige Dajin Rugu su ɓulla Zamfara, ƙura na lafawa su dawo.

Wajen sulhu ne wasan ya gaza. Maharansa ƙungiya ɗaya ce mai neman mulki, teburi ɗaya ya isa a gama da su. A ƙasar Ruma kuwa daba-daba ne, kowace da ubangidanta, abin nemansu shanu da kuɗin fansa da harajin noma. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da su a 2019. A Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar.

Sannan jan launi kawai ake shafa wa abokin gaba a taswira. Ina mai kai rahoto da kuke sallah sahu ɗaya? Ina manomin da zai zaɓa tsakanin biyan haraji da barin gerosa ya lalace a gona? Shi wasan lamba ya mayar da shi, kai kuma kana kujerar gwamna.