Gafaka Ɗakin Almajiri: Tsokaci Kan Wani Ra'ayi

Akwai ra'ayin da wasu manazarta suka aro daga Turai, cewa ɗakin kwanan matashi shi ne madubin halinsa, don haka yaron da ba ya zama wuri ɗaya yakan rasa sanin kansa. Wannan ra'ayi yana da rauni idan aka gwada shi da rayuwar almajirin ƙasar Hausa.

A ƙasar Rano da Kibiya, kamar sauran karkarar Kano, tsohuwar al'ada ce malami ya kwashi almajiransa bayan kaka su tafi ci-rani, wasu har Gabas, su komo da damina. Irin wannan yaro ba shi da ɗaki nasa, sai zaure ko bukkar tsangaya da yake tarayya da 'yan'uwansa. Amma yana da allo da tawada da alƙalami da buzu da ƙwarya, ga kuma gafaka. Waɗannan kaya su ke faɗin matsayinsa. Ƙolo da ƙaramin allo yake farawa, gardi kuwa da buzunsa da gafakarsa ake gane shi, ranar sauka kuma allon zayyana ya zama shaida. Ashe ke nan aikin da bangon ɗaki yake yi wa ɗan Bature, gafaka ce take yi wa almajiri, sai dai ita ana rataya ta a kafaɗa.

Adabinmu ma ya nuna haka. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar 1933, an raba Umar da Kagara, aka bi da shi ta Kano har ƙasar Larabawa. Marubucin bai rataya mutuncin yaron a kan wani ɗaki ba. Karatun da ya samu a can shi ya zame masa asali.

Maganar ba ta tsaya a takarda ba. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatocin Arewa, har da ta Kano, sun kwashe almajirai zuwa jihohinsu na asali, bisa zaton cewa gida shi ne inda aka binne cibiya. Ga wanda ya shekara bakwai a tsangaya, gida yana inda ya jingine allonsa.

Saboda haka ya kamata mai nazari ya fara da tambayar abin da yaro yake ɗauka in an tashi ƙaura, da abin da yake bari.