Ɗaurin Zare: Inda Ɗan Dambe Ke Ajiye Tsoronsa

Akwai masu cewa filin dambe ba wurin neman tawakkali ba ne, wai can laya da guru da kambu ke mulki, kirari kuwa alfahari ne zalla. Ban musa layun ba, na gan su a damtse da ƙugu. Amma duk wanda ya tsaya a nan, leƙe ya yi daga bakin ƙofa ya koma gida.

Tarihin ba baƙo ba ne. Wasan rundawa ne na lokacin kaka, a bi gari-gari da kalangu bayan an kai amfani gida. Yau ya samu mazauni, irin su Dei-Dei a Abuja da dandalin Ado Bayero a Kano, 'yan damben sun rabu ɓangarori: Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Mutanen da suka raɗa wa faɗuwa suna "kisa" ai ba su ɓoye wa kansu tsoro ba.

Ni ɗaurin zare nake so a duba. Yaro na zaune a benci, ya miƙa hannu, ɗan'uwansa na naɗa ƙyalle, sannan zare, zagaye bayan zagaye, har dunƙulen ya yi tauri kamar kan taɓarya. Dubi ƙafarsa, rawa take yi. Makaɗi ya riga ya saki takensa, jiki ya fara tsuma, amma ba ya tashi. In zaren ya yi sako-sako, kwancewa ake a sake tun daga farko, kuma ban taɓa jin wanda ya ce a bar shi haka ai Allah na nan ba. Sai ɗauri ya kammala leɓɓansa ke motsi, ya tofa, ya shafa a fuska, ya ce sai abin da Allah ya yi. Wannan jerin shi ne maganar gaba ɗaya: aiki tukuna, sannan miƙa wuya. Darasin hadisin raƙumin nan ne da Tirmizi ya ruwaito, cewa a ɗaure shi sannan a yi tawakkali, sai dai a nan hannu ake ɗaurewa. Tsoron bai gudu ba, yana nan a ƙafa. An dai karɓe masa ragama.

Mawaƙi Ɗan'anace ya gane haka tun tuni. A waƙarsa ta Shago bai yi wa gwaninsa alkawarin tsira ba, mutuwa ya riƙa tuna masa, wadda ba ta ware ɗan dambe daga mai zaman gida. Masu cewa wannan zuga ce kawai, kunnensu na kan kalangu, ba su saurari maganar ba. Ajali ya ɗora a gaba don zuciya ta daina ciniki.

Mu kuwa da ke wajen fili, sau nawa muka juya jerin? Direba ya loda fasinja, taya ta suɗe, birki na kuka, a ce masa malam duba, ya ce Allah ya kiyaye. Ɗalibi ya rufe littafi tun farkon zango, ranar jarrabawa ya nemi rubutun sha. Wannan ganganci ne aka sa wa rawani, kuma ɗan damben da ake rainawa ya fi su fahimta.

In ka je gidan dambe, je da wuri, bayan la'asar. Bar kallon fili tukuna, nemi benci.