Gonar da Shanu Suka Kwana a Cikinta

Wanda ya ratsa ƙauyukan kewayen Kano ko ƙasar Maraɗi bayan kaka zai ga shanu baje a gonaki. Gayyatarsu aka yi. Mai gona ya kwashe gero da dawarsa, sai su daidaita da makiyayi: dabbobi su ci abin da ya rage na kara da ganye, su kwana a wurin, shi kuma ya ba da damin hatsi.

Gwanintar tana wajen kwanan nan. Takin da jaki ya kawo a mangala yana da amfani, amma ya baro fitsari a turke, alhali kaso mai yawa na naitirojin da dabba ke fitarwa a fitsarin yake. Idan saniya ta kwana a gona, nan take ƙasa za ta shanye shi. Kashin kuwa gara ce ke jan sa ciki, tana huda ƙasa, ruwan farko ya sami hanyar nutsewa. Manomin da ya san aikinsa ba ya barin garke wuri guda. Bayan 'yan kwanaki sai a matsa gaba, kuma yakan fara da gefen da shuka ta yi rawaya bara, don ya riƙe wurin a ransa tun damina. Idan shanun suka daɗe wuri guda, kofato ya daddale ƙasa, taki ya yi yawa har ya ƙone shuka a shekarar ƙarancin ruwa. Manomin ba ya kuma yarda a cinye kara ƙarƙaf, saboda iskar bazara ba ta tausayin gonar da ba ta da rufi.

Sai juyin shuka. Inda dawa ta tsaya bana, baɗi wake ko gyaɗa ne. A saiwarsu akwai ƙananan ƙulli masu ɗauke da bakteriya da ke kamo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata shi ne. Juyin yana rage ƙarfin ƙuduji, harawar kuma ta ciyar da tumaki da awaki, takinsu ya komo gona. Wannan ne ya sa masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA a Kano suka daɗe suna aikin fitar da irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare.

Buhun takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya ba ƙasa mai rairayi jikin da za ta riƙe danshi. Takin dabba ke yin wannan, sai dai yau an nome burtali da yawa, rashin tsaro kuma ya raba manomi da makiyayi a wurare da dama. Dagatai da masu unguwanni, ku tsare burtalin da ya rage, ku zaunar da ɓangarorin biyu tun kafin a yanke gero.