OpenWrt 24.10: Rauta Ta Koma Hannun Mai Ita

A shagon cike fom da buga takardu, ko a Tambuwal yake ko Jabo ko Kebbe, ba kasafai ake waiwayar rauta ba sai ranar da intanet ya tsaya. Ga ta can rataye a bango ta sha ƙura, alhali ita ke raba datar da aka saya da tsada tsakanin kwamfutar shago da wayoyin masu shigowa. Abin da ke juya ta wata manhaja ce da masana'anta ta dasa a cikinta. Shekaru da dama ke nan masu gyara a ƙasashe daban-daban suna cire wannan manhaja suna ɗora DD-WRT ko Tomato. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko ya dace wanda ya riga ya yi hakan ya sake ƙaura zuwa OpenWrt, musamman fitowar 24.10 da aka saki a Fabrairun 2025.

Dukkan manhajojin nan uku tsatsonsu ɗaya. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fito da rauta mai suna WRT54G. A 2003 aka gano cewa manhajar cikinta an gina ta ne a kan Linux, wanda lasisinsa na GPL ya wajabta wa duk mai sayar da kaya da shi ya buɗe wa jama'a asalin rubutun. Kamfanin Cisco, wanda ya sayi Linksys a wannan shekarar, ya saki rubutun bayan an matsa masa lamba. Daga nan OpenWrt ya soma a 2004, DD-WRT na Sebastian Gottschall ya biyo baya a 2005, sai Tomato na Jonathan Zarate a 2006. OpenWrt ya taɓa darewa biyu a 2016, inda wasu suka ɓalle suka kafa LEDE, kafin a sake haɗewa a 2018.

Bambancinsu yana cikin yadda kowanne ya ɗauki mai rauta. DD-WRT yakan zo a dunƙule, da tarin abubuwan da maginansa suka zaɓa, wanda kake so da wanda ba ka so. Rabonsa da fitar da sigar da ya kira tabbatacciya tun 2008. Abin da ake samu tun daga lokacin sigogin gwaji ne masu lamba, sai ka bi diddigi ka san wacce ta dace da na'urarka. OpenWrt kuwa yakan ba ka tushe mara nauyi, ka ƙara abin da kake buƙata ɗaya bayan ɗaya. Saitunansa rubutu ne a fili cikin ƙananan fayiloli, ana iya karanta su, a kwafe, a ajiye a filashi don gudun ɓacin rana. Fitowar 24.10 tana tafiya a kan Linux 6.6, tana kuma aiki a kan na'urori kusan 2,000.

Amfanin wannan tsari ya fi fitowa fili a inda sabis yake da rauni. Duk wanda ya taɓa loda takardun ɗalibi yayin da wani a gefe yake kallon bidiyo ya san yadda shafi ke daskarewa. Sau da yawa ba ƙarancin gudu ne kaɗai ke jawo hakan ba; bayanai ne ke cunkushewa a layi ɗaya, ƙaramin saƙo ya maƙale a bayan babba. OpenWrt yana da manhajar SQM mai aiki da dabarar CAKE, wadda ke tsara layin ta yadda kowa zai samu rabonsa. Akwai nlbwmon mai nuna yawan datar da kowace waya ta sha, abin da ya ƙara daraja tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025. Akwai mwan3 mai riƙe layukan intanet biyu, in na kamfani ɗaya ya ɗauke ya juya zuwa ɗayan. A garin da sabis ke zuwa yana komawa, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙaura.

Sai dai ƙaurar kanta ita ce wurin da ake tuntuɓe, kuma a nan ne littafin jagorar OpenWrt ya cancanci yabo, domin bai ɓoye haɗarin ba. Kowace rauta tana da shafinta, kuma abu na farko da ake nema shi ne lambar siga da ke jikin takardar ƙasan na'ura. TP-Link Archer C7 siga ta 2 da siga ta 5 suna ɗaya gare su, amma fayil ɗin ɗaya bai dace da ɗayar ba. Fayilolin ma iri biyu ne: mai ɗauke da kalmar factory na ɗorawa ne a kan manhajar masana'anta, mai sysupgrade kuma na wanda tuni yake kan OpenWrt. Wanda ke kan DD-WRT ba ya cikin ko ɗaya, shi ya sa ga yawancin na'urori hanya mafi aminci ita ce a fara komawa manhajar masana'anta, sannan a ɗora OpenWrt daga can. Ba a ɗauko tsofaffin saituna a kawo su sabon gida, domin tsarin ajiyarsu ba ɗaya ba ne. Da kebul ake aikin, ba da waifai ba. Idan an gama, rautar takan tashi waifai a kashe, babu kalmar sirri, sai an shiga adireshin 192.168.1.1 an saita. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka ta mutu.

Idan abu ya ɓaci, akwai ƙofofin ceto. Danna maɓalli lokacin da fitilar rauta ke ƙiftawa da sauri yakan tashe ta ba tare da saitunan da suka rikita ta ba. Rautoci da yawa na TP-Link kuma suna iya karɓar sabon fayil daga kwamfuta ta hanyar TFTP tun kafin manhajar ta tashi.

Yabon gwani ya zama dole, amma akwai inda aikin bai kai gare mu ba. Na farko, an rubuta jagorar ne da tunanin mutumin da wutar gidansa ba ta ƙiftawa. Gargaɗin kada a cire wuta yayin ɗorawa yana nan, amma a wurinmu ba mutum ke cire ta ba. Mintunan da rauta ke rubuta sabuwar manhaja su ne mafi haɗari, don haka a jona ta da inbata ko batirin sola kafin a taɓa komai. Na biyu, harshe. Fuskar sarrafawa ta LuCI tana da Larabci da Faransanci, abin da zai taimaki maƙwabtanmu na Maraɗi da Ƙonni, amma babu Hausa, kuma mafi yawan jagorar da Turancin masana aka rubuta ta. Masu sa kai ne ke yin fassarar, ƙofa kuma a buɗe take ga duk ɗalibin kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya ga dama.

Na uku shi ne na'urorin da ke hannun mutane. Galibin ƙananan rautoci masu cin layin waya da kamfanonin sadarwa ke sayarwa ba sa cikin jerin OpenWrt. Abin da za a iya yi shi ne a jona su da wata rauta da ke cikin jerin. Tsofaffi masu ma'ajiyar megabait 4 da ƙwaƙwalwar megabait 32, irin yawancin sigogin TL-WR841N, an daina yi musu sabuwar fitowa bayan 19.07. Masu sassan Broadcom, kamar Netgear R7000, waifai ɗinsu ba ya aiki yadda ya kamata a OpenWrt saboda kamfanin bai buɗe rubutunsa ba, duk da cewa WRT54G da ta haifi wannan tafiya ita ma Broadcom ce. Mai irin wannan na'ura ya zauna a kan DD-WRT ko FreshTomato, wani reshen Tomato, ya fi masa alheri.

Maginan OpenWrt sun san waɗannan matsaloli. A Nuwamban 2024, tare da ƙungiyar Software Freedom Conservancy da kamfanin Banana Pi, suka fito da rautarsu ta kansu, OpenWrt One, a kan dala 89. Tana da ma'ajiya ta biyu ta ceto da ake juyawa gare ta da ɗan makunni, don ko ɗorawa ta lalace a iya farfaɗo da ita. Tunanin ya yi kyau, sai dai kuɗin ya yi wa ƙaramin shago nauyi.

Ga mai Archer C7 ko makamanciyarta da ke fama da DD-WRT, OpenWrt 24.10 ya cancanci wahalar yini guda. Zai samu manhajar da ake toshe mata kafofin tsaro a kai a kai, wadda ke nuna masa inda datarsa ke tafiya, kuma ba ta yanke masa hukunci a bayan idonsa. Sharaɗin shi ne ya duba lambar siga, ya tanadi fayil ɗin masana'anta a kwamfuta, ya tabbatar batir a cike yake. Wanda rautarsa ba ta cikin jerin kuwa, ya bar ta yadda take, ya duba jerin kafin ya sayi ta gaba.