Insulin a Cikin Cakulan: Masanan Nan Sun Burge Ni

Jama'a, ku taya ni jinjina wa masanan Jami'ar Sidni ta Ostireliya da abokan aikinsu na Tromso a ƙasar Norwe! A watan Janairun 2024 mujallar Nature Nanotechnology ta buga binciken su Nicholas Hunt da Victoria Cogger da Peter McCourt, kuma tun da na karanta shi bakina ya ƙi yin shiru.

Tun 1922 da aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin a Toronto, masu ciwon suga ke shan tsira, domin in an haɗiye maganin, ciki narkar da shi yake yi kamar tsokar nama. Sai bayin Allahn nan suka ɗora shi a kan wasu ƙwayoyi da suka fi silin gashi ƙanƙanta sau dubu goma, suka lulluɓe su da gulukos da sinadarin da ake samu a ɓawon ƙaguwa da jatan lande. Ruwan ciki ba ya iya cin wannan lulluɓi. Maganin zai wuce har hanta, inda insulin ɗin mai lafiya ke fara sauka, kuma ba zai fito ba sai suga ya hau. In suga na daidai, sai ya yi zamansa. Kai, tabarakallah!

Sai ɗan Haɗejiya ne zai san daɗin wannan labari. Ga zafin Afrilu, ga wuta da ba ta zama, mai ciwo yana lallaɓa kwalbar insulin a gindin randa. A ambaliyar 2022 kuwa, da ƙauyukan fadama suka koma sai da kwalekwale, ina firiji? To, masu binciken sun ce nasu ba ya buƙatar firiji. Ga kuma manomin shinkafa da masunci da ke fargabar suga ya faɗi musu a bakin aiki, balle da azumi; maganin da ba ya fitowa sai suga ya hau zai rage musu wannan fargaba.

An gwada shi a kan ɓeraye masu ciwon, suga ya sauka ba tare da ya faɗi warwas ba. An kuma ba gwaggon biri 20 a cikin cakulan marar suga, suka cinye abinsu! Kamfanin Endo Axiom ne ya ɗauki nauyin kai gwajin kan mutane, don haka kada mai ciwo ya ajiye allurarsa tukuna. Amma ranar da ya iso kemis ɗin Haɗejiya, wallahi da ni za a yi layi.