Waƙoƙin Kajun: Wace ce ta Asali?

Masu nazarin adabin baka sukan so su kama waƙa su ce ga asalinta, sauran duk gurɓatattu ne. Waƙoƙin Kajun na jihar Luwiziyana ta Amurka sun isa su karya wannan ra'ayi. Su dai Kajun jikokin Faransawan nan ne da Ingilishi suka kora daga yankin Akadiya na Kanada tun daga 1755, suka gangara kudu da harshensu da gogensu. Daga baya suka ɗauki akodiyan. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya sa Turanci kaɗai ya zama harshen makaranta, saboda haka akasarinsu ba su koyi rubuta Faransancin da suke magana da shi ba. Waƙa a ka take zaune, kowane mawaƙi kuma da yadda yake fito da ita a dandalin rawa.

Mu ɗauki "Jolie Blonde", wato kyakkyawa mai farin gashi, wadda ake wa kirari da taken Kajun. 'Yan gidan Breaux ne suka fara sa ta a faifai a 1929 da wani suna dabam. Jigonta kukan saurayi ne da budurwa ta guje masa. To amma daga baki zuwa baki baitoci sukan canza: wannan ya ɗora laifin a kan yarinyar, wancan ya sako iyayenta, wani kuma ya rarrashi kansa da cewa mata ba su ƙare ba. Ban ga gurɓata a nan ba. Mai rerawa yana jin abin da yake faɗa, masu rawa suna jinsa, kowane sauyi da ma'anarsa. Faifan 1929 ma rerawar rana ɗaya ce da aka yi sa'ar kamawa.

Inda magana ta sha bamban shi ne bayan waƙar ta bar gida. Harry Choates ya sake ta a 1946 da sunan "Jole Blon", ta karɓu ƙwarai, sai mawaƙan Turanci suka yi mata ca. Moon Mullican ya fitar da tasa a cikin wani kwaɗon Turanci da Faransancin wasa, don a yi dariya. Karin yana nan daram, amma an kwashe kukan da ke ciki. Wannan kam a ganina hasara ce, ko da yake ta fi ta 'yan Breaux ciniki nesa ba kusa ba. A 1981 Gary U.S. Bonds da Bruce Springsteen suka sake rera ta da Turanci, kiɗa mai daɗi, sai dai mai saurare ba zai san daga bakin wa aka karɓo ta ba.

Mai karatu ya kwatanta wannan da "Travailler c'est trop dur", waƙar mai kukan wahalar aiki. Zachary Richard ya kai ta Kebek da Faransa, Julien Clerc ya rera ta, sannan Alpha Blondy na Kodebuwa ya ɗora ta a kan kiɗan rege a 1986. Kiɗan ya sauya gaba ɗaya, babu goge, babu rawar Luwiziyana, amma kalmomin suna cikin Faransanci, lebura a Abijan yana jin ba'ar da ke ciki kamar yadda manomin shinkafa na Luwiziyana ya ji ta.