Madugun Kalangu: Abin da Kunnenmu Ke Tsallakewa a Waƙoƙin Shata

A watan jiya an yi wani biki a nan unguwarmu, an ɗauko wani yaro mawaƙi da kuɗi masu kauri. Ya zo da kwamfuta da manyan lasifika biyu, ya riƙe abin magana yana rausaya, mata na liƙi. Ana tsakiyar haka janareto ya ci tuwo. Waƙa ta tsaya cak, yaro ya tsaya baki buɗe, don ashe muryar da muke ji tun a situdiyo aka dafa ta. Wani dattijo da ke gefenmu ya girgiza kai ya ce, "Da Shata ne, ko kalangu ya fashe ba za ku gane ba." Wannan magana ita ta sa muka koma muka saurari waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da sabon kunne, muka bar bin muryarsa kaɗai, muka kasa kunne ga abin da yake yi da mutanen da ke bayansa.

Turawa suna da wata sana'a da za ta taimaka mana mu gane abin. A babbar ƙungiyar kiɗansu akan tara mutum tamanin ko ɗari, masu goge iri-iri, masu busa, masu ganga, kowa da takardar kiɗa a gabansa. Sai mutum ɗaya ya tsaya gabansu da ɗan siririn sanda. Ba ya kaɗa komai, ba ya busa komai, amma shi ke cewa a tashi, a sassauta, wane ya shigo, wane ya yi shiru. Herbert von Karajan ya yi wannan aiki a babbar ƙungiyar birnin Berlin ta Jamus daga 1955 har 1989, ya kai ta Amurka a 1955, ya kai ta Japan a 1957. A can, in an yaba kiɗa, jagoran ake fara yabawa. Mu kuwa a nan muna da masu irin wannan aiki tun kaka da kakanni, sai dai mun lulluɓe su da sunan "mawaƙi" mun wuce. Sunan da ya fi dacewa da su shi ne madugu, wato uban tafiya, mai sanin hanya da zango, mai riƙe ayari kada ya watse.

An haifi Shata a Musawa wajen 1923. Bai gaji kiɗa ba, haye ya yi, mahaifinsa ma bai so ba. Ya taɓa tallan goro da alewa kafin waƙa ta rinjaye shi. Kayan kiɗan da ya ɗauka kuma kalangu ne, wanda a da an fi saninsa da mahauta da dandalin 'yan mata. Da wannan kalangun ya shiga fadar sarakuna, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa 'yan kasuwa, ya yi wa direbobi, har kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura.

To, ku ɗauki kowace waƙarsa, ko da Bakandamiya ce da kowa ya sani, ku saurari yadda take tafiya. Abu na farko, shi ke yanka amshi, ya miƙa wa yaransa, su riƙe shi kamar turke. Amshin gajere ne, ba ya canzawa, kuma a nan hikimar take: tunda turken a kafe yake, shi yana da damar ya yi kiwo duk inda ya ga dama ya dawo. Wani lokaci ya jefa ɗa mai layi ɗaya, wani lokaci ya ja shi har ka ce numfashi zai ƙare. 'Yan amshi ba su da takarda, ba su san tsawon da zai yi ba. Daga yadda ya sauke murya suke gane ƙofa ta buɗe, su faɗo gaba ɗaya kamar mutum guda. Wani sa'in kuma ya shigo tun ba su rufe baki ba, ya take wutsiyar amshin, don ya ƙara wa waƙar zafi.

Abu na biyu, makaɗa. Kalangu ganga ce mai magana: a matse tsarkiya a hammata murya ta hau, a saki ta sauka. Akwai babban kalangu mai jan gaba, akwai ƙananan da ke cike giɓi, akwai kuntukuru mai riƙe taki. In kun lura, akwai wuraren da Shata ke yin shiru da gangan ya bar wa kalangu fili ya faɗi abin da baki bai faɗa ba, sannan ya karɓe. Ga kuma sanƙira yana shelar kyauta, shi ma sai an san inda za a saka shi kada ya tsinka zaren. Duk wannan mutum ɗaya ke sarrafa shi, da murya da ido da motsin kafaɗa, alhali a lokaci guda yana ƙirƙirar baitin da zai faɗa. Jagoran Turawa yana da takarda da kwanakin gwaji kafin ranar wasa. Shata an san shi da yin waƙa nan take. Wallahi wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai maganar tafiya, wadda mu mazauna zango muka fi kowa sanin ɗacinta. Rayuwar Shata a kan hanya ta ƙare. Ya zauna Funtuwa, ya zauna Kano, ya zaga garuruwan Arewa, ya shiga Nijar da Gana inda 'yan'uwanmu ke zaune a zanguna irin namu, ya kai har ƙasashen Turawa. Wanda ya taɓa ɗaukar mutum goma a mota daga nan Kontagora zuwa Yawuri ko Tegina ya san abin da ake nufi: ci, sha, masauki, rashin lafiya, gardama, ga rabon abin da aka samu, wanda shi ne ke kashe yawancin ƙungiyoyi. Madugun kiɗa dole ya iya wannan duka, ya sauka a garin da bai sani ba, kafin dare ya san wane ne wane, wa ke gaba da wa, sunan kakan mai gida da kirarin garin. Mun yi imani tafiyar ce ta gina salon nasa. Mutumin da yau yana gaban sarki, gobe yana tasha, jibi yana gidan biki, ba zai iya dogara da waƙar da aka haddace ba. Sai ya ƙera ƙungiya marar nauyi, mai saurin juyawa, wadda za ta bi shi ko'ina ya karkata.

Amma sharhi ba yabo ba ne kawai, bari mu faɗi inda muke da ja. Na ɗaya, wasu waƙoƙin in sun yi tsawo sukan koma jerin sunayen masu kyauta. Wanda ke wurin ya ji daɗi, don an ambaci ubangidansa. Mu da muke saurare a waya bayan shekaru, sai mu ji waƙar ta tsaya tana tafiya a wuri ɗaya. Na biyu, zambo. Yana da daɗin ji in ba kai aka yi wa ba, amma akwai mutanen da waƙa ta bi su har kabari, jikokinsu na ji a rediyo, ba su da bakin ramawa. Na uku, kuma shi ya fi damunmu: tsarin ya rataya ne kacokan a kan mutum ɗaya. Gwanintar tana cikin kansa, ba a rubuce ba, ba a karantar da ita a zaune. Ranar da madugu ya kwanta, ayari ya rasa mai nuna hanya. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, masu kwaikwayon muryarsa sun yi yawa, amma wanda zai riƙe makaɗa da 'yan amshi yadda ya riƙe su, har yau muna jira.

Ku gwada shi da Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Shi ɗan gado ne, makaɗin fada, mai kotso. Waƙarsa a gida ake shirya ta, a yi ta bita har ta zauna. Shi ya sa za ku ji muryoyi hawa-hawa: ya fara, wasu su karɓe, wasu su ƙara, wasu su raka, kowa ya san gurbinsa. In ana neman wanda ya fi kama da jagoran ƙungiyar Turawa ta fuskar tsari, Ɗanƙwairo ne. Kuma da yake abin gida ne, 'ya'yansa sun ci gaba da shi bayansa. Shata ya fi shi sakewa da saurin kai hari, Ɗanƙwairo ya fi shi barin gini a tsaye. Ba mu ce wani ya fi wani ba, kowane allazi da nasa amanu. Abin da muke cewa, duk su biyun aikinsu ya wuce murya, kuma wanda ya saurari murya kaɗai ya sha romo ya bar nama.

Masana sun yi nasu ƙoƙarin. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah. Madalla. Sai dai mu tambayi kanmu: a cikinmu nan, mu da muka tashi da kaset ɗinsa a shagunan tela da motocin hatsi, mu da muka ji shi a Rediyon Kaduna tun muna yara, mutum nawa ne zai iya kawo sunan makaɗi ɗaya da ya yi masa kalangu? Mun haddace sunan waɗanda suka ba da kyauta, mun manta waɗanda hammatarsu ta yi kanta.

Wannan mantuwar ce ta kai mu ga abin da ya faru a bikin nan. Tunda mun ɗauka waƙa murya ce kawai, da kwamfuta ta zo ta ce za ta ba mu murya da kiɗa a farashi ɗaya, sai muka sallami makaɗa ba tare da mun ji zafi ba. Ba mu ƙi zamani ba, yaranmu na situdiyo suna da basira, wasunsu ma sun iya tsara kalma. Amma na'ura ba ta kallon fuskar uwar amarya ta sassauta, ba ta ganin baƙo ya shigo ta juya masa kiɗa.

Kontagora gari ne na sarauta tun zamanin Umaru Nagwamatse, kuma mahaɗar hanyoyi ce, baƙi ba sa yankewa. Har gobe akwai masu tambari da algaita a fadar Sarkin Sudan, akwai tsofaffin makaɗan kalangu a wajen mahauta, akwai masu gangar noma a ƙauyukan da ke kewaye. Shawararmu ga masu biki a unguwar nan: in za a kashe kuɗi a kan lasifika, a ware wani abu a kira masu kiɗan hannu ko na awa ɗaya ne. Ga samarinmu masu manyan wayoyi kuma, ku je ku zauna da tsofaffin nan, ku ɗauki kiɗansu, ku tambaye su yadda ake ba ɗan amshi alama, yadda ake raba kuɗi, yadda ake sauka a baƙon gari. Ku rubuta sunayensu. Wanda ya kawo mana irin wannan hira, za mu ba ta fili a fitowa ta gaba.

Allah ya jiƙan Shata da Ɗanƙwairo, ya jiƙan mutanen da suka tsaya a bayansu.